Da Hannuna Na Rubuta Sunan Mamaci

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, malamai da masu sauraro irina. Admin, don Allah ka ɓoye sunana da na garinmu, ka gyara mini inda harafi ya kauce, amma maganar ka bar ta yadda na faɗe ta. Kwana huɗu na yi ina rubuta ta a littafi kafin in kwafe ta a waya, domin ni sabon shiga ne a karatun boko. 'Yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, ranar ce za a zo a tambaye ni, kuma har yanzu ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Ni magidanci ne, shekarata arba'in da tara, ina zaune a wani gari a ƙasar Daura. Sana'ata noma, da rani kuma ina dillancin awaki da tumaki, ina cin kasuwanni har Mashi. Wanda ya san dillanci ya san dillali ba shi da jari sai bakinsa. In na ce wa mai saye tunkiyar nan lafiyarta ƙalau, a kan maganata zai kai ta gida, ranar da aka kama ni da ƙarya sau ɗaya, to na gama cin kasuwa. Na yi karatun allo daidai gwargwado, ina karanta Alƙur'ani, amma boko ban taɓa leƙa ajinsa ba. Abin da ya tura ni shi ne wata rana da muka je rajistar takin zamani, muna layi, ma'aikacin bai ko ɗaga kai ya dube ni ba ya ce, "Baba kawo yatsa." Ya kama babban yatsana ya tsoma a tawada ya dangwala a takarda, kamar yadda muke sa wa akuya shaida a kasuwa. Kwana uku shuɗin nan bai fita ba, duk alwalar da na yi sai na gan shi. A ranar na ce in Allah ya ba ni rai, sai na rubuta sunana da hannuna.

Ba a daɗe ba wani malamin firamaren garinmu ya buɗe ajin yaƙi da jahilci na manya, bayan la'asar, kwana uku a mako. Zan kira shi Malam Nura, ba sunansa ke nan ba. Ɗan cikin garin Daura ne, ta wajen Kusugu gidansu yake, kullum da babur yake zuwa. Na girme shi da kusan shekara goma sha biyar, Kawu yake ce mini, ni kuma ban taɓa kiransa da komai ba sai Malam. Kuma tsakani da Allah, duk abin da zan faɗa nan gaba, ku riƙe wannan: mutumin nan ya iya koyarwa. Bai taɓa yi wa babba dariya ba. Ranar farko na danne fensir har ya huda takarda, ya zo ya ɗora hannunsa a kan nawa muka ja harafin tare. Da ya ga ina riga kowa zuwa, ina share aji, sai ya naɗa ni monita, 'yan aji suka laƙaba mini Kawu Monita. Akwai maganar da yake yawan maimaita mana har muka haddace ta, yakan ce, "Daga yau kada wanda ya sake sa hannu a takardar da bai san abin da ke cikinta ba, ko da ni na kawo masa ita."

Mun fara mu arba'in da biyu. Da damina ta faɗi aka fara zamewa, wannan yana gona, wancan yana neman taki, da aka yi kaka wasu suka tafi cirani, muka rage mu goma sha ɗaya. Cikin waɗanda suka bari akwai abokina tun na yarinta, Ɗan'azumi mahauci. Shi ba gona ce ta hana shi ba, ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce shi in ya iya rubuta nama to ya sauke, a ba shi satifiket ya koma bakin tukubarsa. Bai kai ga rubuta naman ba, ya rasu a tsakiyar daminar nan. Ni na shiga kabari na karɓe shi. Allah ya jiƙansa.

Tun farko Malam ya gaya mana yana karatun digiri na biyu a fannin ilimi a wata jami'a, kuma a kan ajinmu zai yi bincikensa. Muka yi murna ƙwarai, muna cewa za mu shiga littafi. Sale mai shayi, wanda muke benci ɗaya da shi, har cewa ya yi, "Malam, in ka zo kaina ka rubuta ni na fi kowa kyau, kada ka bari Kawu Monita ya cinye shafin." To bayan an gama girbi, wata Asabar da hantsi, sai ga Malam a zaurena da leda cike da takardu da sababbin biro biyu, shuɗi da baƙi. Ya ce, Kawu, duk ajin nan hannunka ya fi faɗawa, na kawo maka atisaye na musamman. Ya buɗe rajistar aji ya ce in kwafe suna ɗaya a saman kowace takarda, sannan in ja alama a akwatunan da ya ɗiga wa fensir, kuma in riƙa canja biro don hannuna ya saba da kowanne. Takardun da Turanci suke, ni kuwa a lokacin ko Hausar da ƙyar nake haɗawa. Ban ɓoye muku ba, na ji daɗi. Na zauna na miƙe ƙafa ina rubutu, maƙwabta na wucewa suna leƙowa, ina jin kaina kamar akawu.

Da na zo kan sunan Ɗan'azumi sai hannuna ya tsaya, na ce, Malam, wannan ai ya rasu. Ya ce ya sani, Allah ya jiƙansa, ai atisaye ne kawai, kuma sunan dogo ne, irinsa ke gyara hannu. Zuciyata ta ɗan yi wani iri, amma na ce malami ya fi ni sani. Na rubuta sunan abokina a hankali, na fi kyautata shi a kan duk sauran, har ina cewa a raina, kai da ba ka samu ka rubuta ba, ga shi na rubuta maka. Kafin azahar na gama arba'in da biyun. Malam ya tattara, ya goge ɗigon fensirinsa da abin gogewa, ya bar mini biro ɗaya kyauta ya tafi. Biron yana nan har yau.

Sama da shekara ta wuce, na manta da zancen. Karatu ya zauna, yanzu ina karanta saƙon waya, ina karanta allon hanya, ranar da aka sake rajistar taki na karɓi biro na sa hannu, ma'aikacin sai da ya ɗaga kai ya dube ni. Sai kwana goma da suka wuce muna cikin aji wata mota ta tsaya, aka ce baƙi ne daga jami'ar su Malam. Su biyu ne, wani dattijo mai furfura da ake ce wa Farfesa, da wata mata mai tabarau da ake ce wa Dakta. Muka fitar da bencuna gindin darbejiya, aka kawo musu fura da nono. Na lura Malam ya kasa zama, sai shiga yake yana fita.

Farfesa ne ya yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ya ce su malaman sashen da ke koyar da masu manyan digiri a fannin ilimi sun zauna sun yi wa kansu faɗa, domin sun lura binciken da ɗalibansu ke kawowa ya fara kama da juna kamar ƙwan zabi, kowa aikinsa ya yi nasara, ba wanda ya taɓa cin karo da matsala. Shi ya sa suka yanke cewa kafin a ba mutum digiri sai an taka an je inda ya ce ya yi aikin an gani da ido. Ya ce, "Kuma kada ku ɗauka laifin yaran ne kaɗai, mu ma da namu. Malami ɗaya ɗalibai sun yi masa yawa, makiyayi ɗaya garke uku, ina zai san wadda ta rame? Muna karanta musu yadda ake bincike a allo, ba mu taɓa fita da su mun nuna musu yadda ake zama da mutane a tabarma a yi tambaya ba. To sai yaro ya shiga ɗaki ya tambayi kansa ya ba kansa amsa. In ana son gyara, daga koyarwarmu za a fara."

Dakta ta aje ludayinta ta ce, "Ranka ya daɗe, duk na yarda, amma ba za mu jira sai mun gyaru sannan mu hana ƙarya wucewa ba. Wanda ya karɓi digiri yau, gobe shi zai koyar da malaman da za su koyar da 'ya'yan mutanen nan." Sai ta juyo gare mu ta ce bincike ba ado ba ne, abin da aka rubuta a kan ajinmu masu tsara karatun manya na iya ɗauka su ce a bi shi a ko'ina. In an rubuta cewa mutum arba'in da biyu sun fara, arba'in da biyu sun gama, kowa ya gamsu, to ba wanda zai tambayi dalilin da ya sa aji ke watsewa, balle a gyara. Maganar nan ta shige ni, domin abin da muka daɗe muna faɗa a tsakaninmu ke nan. Sale bai iya riƙe baki ba, ya ce, "Hajiya, ai da an tambaye mu da tuni mun faɗa. Wa zai bar gero a bakin ciyawa ya zo yana ba, bi, bu? A ɗaga mana karatun nan zuwa rani mana." Kowa ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ba a tambaye ku ba?" Sale ya sunkuyar da kai.

Ta buɗe jakarta ta fito da takardu, kallo ɗaya na yi na gane su. Ta fara kiran suna, wanda yake nan ya amsa, wanda ba ya nan a ce ya tafi cirani ko ya daina zuwa. Ta ce, "Ɗan'azumi mahauci." Muka haɗa baki muka ce Allah ya jiƙansa. Ta tambayi yaushe, aka gaya mata, ta dubi ranar da ke jikin takardar, ta miƙa wa Farfesa. Daga baya na ji abin da alamomin da na ja suke nufi, wai Ɗan'azumi ya ce yanzu yana karanta wasiƙa da kansa, kuma ya gamsu da koyarwa matuƙa. Mutumin da yake kwance a kabari wata huɗu kafin ranar. Sannan Dakta ta ce kowa ya tashi ya rubuta sunansa a allo. Ni ina da wata ɗabi'a, saboda sabo da rubutun allo nakan ja wutsiyar harafi ta koma hagu, Malam ya yi ya yi in bari na kasa. Ina gama rubutawa ta dubi allo, ta dubi takardun, ta ce, "Baba, hannunka yana da kyau." Tun da na fara karatu ba a taɓa yabona na ji kamar an mare ni ba sai ranar. Da za su tafi ta ce za su dawo ran Asabar ta sama, kuma ni suke so su gani, ni kaɗai.

Kwana biyu Malam bai zo aji ba. A na uku ya same ni a zaure da wata takarda guda ɗaya da aka buga da Turanci, ya ce takardar shaida ce cewa ni ne monita, in na sa hannu za ta taimaka a fitar mana da satifiket da wuri. Har na karɓi biro. To Turanci ba na ji, amma suna ba ya ɓuya, na ga sunana sau biyu, na kuma ga sunan Ɗan'azumi a tsakiya. Na ce Malam, me ya kawo mamaci cikin shaidar monita? Ya ce jerin 'yan aji ne. Na ce jerin 'yan aji mutum ɗaya? Ya ce Kawu, lokaci na ƙurewa, ka sa kawai. Sai na aje biron na ce, Malam, kai ka ce kada mu sa hannu a takardar da ba mu san abin da ke cikinta ba, ko kai ka kawo. Ya yi dariyar yaƙe, ya ce lallai ɗalibi ya fi malaminsa, ya so ya karɓe takardar, na ce a bar mini ita in duba da natsuwa. Ina ganin kunyar ƙwace ta daga hannuna ya ji, ya hau babur ya tafi.

Akwai wani tsohon hedimasta a unguwarmu da ya yi ritaya, na kai masa bayan azahar. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu a zuci kafin ya fassara mini. Abin da takardar ta ce shi ne, ni wane, monitan aji, Malam Nura ya ba ni fom arba'in da biyu in raba wa 'yan aji kowa ya cike nasa, amma saboda ƙyuya na zauna na cike su ni kaɗai, har da na marigayi Ɗan'azumi, na kawo masa na ce kowa ya cike, shi bai san komai ba, kuma ina neman afuwar jami'a. Hedimasta ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malam wane, igiya aka ba ka, aka ce ka ɗaure kanka ka kuma riƙe bakinta." Na karɓi takardar na ninke ta. Ba takardar ce ta fi ƙona ni ba, yadda ya shigo zaurena da sallama yana ce mini Kawu, ya miƙo mini biro, shi ne.

Ni mutum ne mai haƙuri, a kasuwa ma an san ni da haka, don haka ban je masa da faɗa ba. Na bari sai washegari bayan an tashi firamare na same shi a aji shi kaɗai. Da farko ya musa, ya ce Turancin hedimasta na da ne, bai fahimci takardar ba. Na ce to mu je wurin wani ya karanta a gabanmu. Nan ya zauna a benci ya dafe kai, ya fara ba ni labari. Wai da safe yana koyar da yara, da yamma mu, ƙarshen mako yana hanyar jami'a, mutanen da ya kamata ya tambaya sun watse, mai duba aikinsa sau biyu kacal suka zauna, kuma ya ji tsoron in ya rubuta cewa aji ya ragu zuwa goma sha ɗaya za a ce aikinsa ya faɗi. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, da yawa haka suke yi, shi ne tsautsayi ya faɗa wa. Ya ce in gaskiya ta fito za a kore shi daga karatu, maganar na iya kaiwa wurin aikinsa, ga mahaifiyarsa da shi kaɗai ta dogara. Har hawaye ya yi, ni ma na ji tausayinsa. Sai ya ɗago ya faɗi maganar da ta hana ni sukuni har yau. Ya ce ni ba abin da za a yi mini, ba ni da digiri ba ni da albashi, in na sa hannu za a ce rashin sani ne irin na mutanen ƙauye, a yafe, a wuce wurin. Jama'a, mutumin da ya cire mini rigar jahilci da hannunsa, shi ne yake roƙona in sake sa ta don ya fake a bayana.

Na ce masa akwai wata hanya. Ya je ya faɗi gaskiya da bakinsa ya roƙi a ba shi dama ya sake aikin. Mu goma sha ɗaya za mu zauna ya tambaye mu duk abin da yake so, waɗanda suka bari kuma na san ƙofar gidan kowannensu, zan hau bayan babur ɗinsa in kai shi ɗaya bayan ɗaya, na cirani in nemo masa lambarsu. Na ce ai dattijon nan da kansa ya ce su ma da laifinsu. Ya girgiza kai ya ce ban san jami'a ba, Farfesa baki ne kawai, Dakta ce mai alƙalami, wanda ya amsa laifi ba ya dawowa. Ya riƙe hannuna ya ce, Kawu, rufin asiri nake nema. Na zare hannuna na fito, ban ce masa e ba ban ce a'a ba.

Tun daga ranar kowa da abin da yake gaya mini. Maiɗakina ta ce ko kusa kada in sa hannu, ta ce, "Ni na shimfiɗa muku tabarma ranar, ina bayan ƙofa na ji lokacin da ka ce masa wannan ya rasu. Shekara talatin kana gina suna a kasuwa, ka rushe shi don wanda ya ce maka mutumin ƙauye?" Hedimasta ya ce takarda ba ta mutuwa, yau tana kabad ɗin jami'a gobe tana bakin mutane, kuma 'ya'yan Ɗan'azumi manya ne, ranar da suka ji cewa aminin ubansu ya amsa da hannunsa cewa ya yi ƙarya da sunan mamaci, da wane ido zan dube su? Su kuwa 'yan aji sun rabu. Sale ya same ni a teburinsa ya ce, "Kawu Monita, takardar Turanci ce fa, wa zai karanta ta a kasuwar awaki? Wata uku ya rage mu gama. In Malam ya tafi wa zai zo? Kafin shi shekara nawa muka yi ba aji?" Kuma gaskiyarsa, ba malamin da ke son zuwa garinmu da yamma, akwai kuma mutum takwas da suka ba da suna za su fara bana. Na je wurin limaminmu, ya ce shaidar zur babban zunubi ce ko a kan kanka ka yi ta, rufin asirin Musulmi kuma yana da lada amma ba da ƙarya ake yin sa ba, in ba a tambaye ni ba in yi shiru. Na ce Liman, matsalar ke nan, takanas za a zo a tambaye ni.

Ba zan wanke kaina tas ba. Ranar da na rubuta sunan nan zuciyata ta gaya mini wani abu, daɗin yabo ne ya rufe mini kunne. Na ga yana goge ɗigon fensir, ban tambaya ba. Wannan kason nawa ne, kuma ko gaban wa zan amsa shi. Amma ban raba wa kowa fom ba, ban ce masa kowa ya cike ba, ban yi ƙyuya ba, tun hantsi har kusan azahar ina rubutu bayana na ciwo ina jin ina yi wa malamina biyayya.

Jiya Malam ya dawo aji ya koyar kamar ba abin da ya faru. Ya ba mu shifta, yana zagayawa yana dubawa, da ya zo kaina ya sunkuya ya gyara mini harafi ɗaya da jan biro kamar yadda ya saba, sannan ya ce a hankali, "Kawu, takardar fa?" Na ce tana nan. Tana nan kuwa, a tsakiyar littafin nan da na rubuta muku wannan, layin sa hannun babu komai a kansa.

To jama'a ga inda nake. In sa hannu in ɗauki laifin da ba nawa ba, Malam ya tsira, aji ya ci gaba? Ko in ƙi sawa, ran Asabar in faɗa wa baƙin nan komai yadda ya faru, ko da shi ke nan an rufe ajin kuma 'yan'uwana su riƙa cewa ni na kore musu malami? Kuma in na faɗa, in nuna musu wannan takarda ta biyu, ko in rufa masa asirinta in tsaya a kan takardun farko? Malaman jami'a da ke cikin zauren nan, ku nake roƙo musamman, ku gaya mini gaskiya, a ƙa'idarku akwai ƙofar da ɗalibi zai amsa laifi a ce ya koma ya sake aikin, ko kuwa yadda ya faɗa ne, wanda ya amsa ya tafi ke nan? In na roƙa masa a gaban Farfesa, roƙon dillalin awaki yana da nauyi a wurinku?

Shekara arba'in da tara ina jiran ranar da za a miƙo mini takarda a ce in sa hannu, ban san irin wannan ce za ta zo ba. Da can da yatsa ne, in abu ya ɓaci sai in ce kama mini aka yi aka dangwala. Wannan karon ba mai kama mini hannu. Don Allah ku gaya mini, me zan yi da shi ran Asabar?